Rizistar da Ka Cire

Zuwa ga mijin 'yata,

Na fita ganin likita, ba zan jira tashinka ba.

Da safen nan na tarar da mutum-mutumin da na haɗa don ban ruwa tsaye a kan dashen tumatirina yana kwarara ruwa, bayan gida ya zama tafki. Da na buɗe allon wayoyinsa sai na ga aikin hannunka. Ka cire rizistar nan mai rage ƙarfin wuta, mai lambar kilo-om goma, da ke tsakanin wuta da sensar da ke auna laimar ƙasa, ka maye gurbinta da waya tsirara, wai ka rage tarkace. Ita ce ke raba wutar don ƙafar A0, inda allon ke karɓar awon laima, ta bambance jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya. Da ka cire ta, karatu ya maƙale a 1023, maƙurar bushewa, na'ura ta ɗauka ana fari. Tushe arba'in na mako shida, tara suka rage a tsaye.

Maigidan da ya koya mini aiki ya taɓa sallamar ma'aikaci a kan laifin da bai kai wannan ba, kuma ba wanda ya ce ya yi zalunci. Kai albarkacin 'yata ka ci, ba na takardar digirinka ba.

Na kulle ɗakin aiki, makulli yana aljihuna. Taran da suka rage kuwa, daga yau kai za ka shayar da su da bokiti. Kafin ka zuba, ka tsoma yatsa a ƙasa. Shi dai yatsan ba ka da abin cirewa a jikinsa.

Surukinka.