Saura Izu Biyu

Ibadan, 4 ga Mayu

Zuwa ga Babana, Malam Zakariyya, Unguwar Dosa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya haƙurinmu? Na rubuto ne don na san waya ba ta dame ka ba, sai dai ka ce "to, to" ka kashe.

Baba, Gwaggo Kande ta faɗa mini abin da likita ya ce: ganinka na raguwa, kuma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ta ce tun rasuwar Inna, wata tara ke nan, ba ka buɗe gafaka ba. Alƙur'anin da ka yi wa Inna alkawarin rubutawa da hannunka saura izu biyu kacal. Tsoro nake ji, wallahi, kada idon ya riga ka.

Ka tambayi aikin da ya hana ni zama gida. A cikin ƙwayar bakteriya akwai wani dogon zare, DNA, ɗauke da umarnin rayuwarta. Akwai mai kwafa da ke bin zaren yana kwafe abin da ake buƙata. Akwai kuma wani furotin da yakan zauna daram a bakin wani layi, kamar tafin hannu a kan shafi, ya hana a kwafa. Shi nake nazari. Jiya na gyangyaɗa bayan azahar, na yi mafarkin zaren ya miƙe daga nan har zaurenmu, kana zaune a ƙarshensa ka dafe takarda. Don Allah ka ɗaga hannun.

'Yarka, Ummulkhairi.

Unguwar Dosa, 15 ga Mayu

Ummu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya yi miki albarka. Kande kuwa bakinta ya fi motar Mando sauri.

Ashe bokon da muka kai ki, ƙarshensa ki mai da ubanki ƙwayar cuta? Na yi dariya har maƙwabta suka leƙo. Amma maganar ta zauna mini. Da hantsi nakan zauna gindin mangwaro, ganyen sun zame mini kore ɗaya babu gefe, sai in riƙa ganin wannan ɗan taliki naki zaune a kan zarensa, shiru, shi kaɗai. Tausayi yake ba ni.

Kin ce yana hanawa, ba ki ce don me ba. Malamina na Rigachikun yakan dafe shafi idan ya ga ban shirya ba, kuma ba mugunta ba ce. Ki tambayi naki, me yake jira?

Ki riƙa cin abinci. Wassalam.

Mahaifinki.

Ibadan, 27 ga Mayu

Babana,

Bayan gaisuwa da neman gafara, na ji kunya. Shekara uku ina wannan aiki, tambayar da ta fi kyau daga gindin mangwaro ta zo.

Madara yake jira. Layin da ya tsare, umarnin sarrafa sukarin madara ne. Idan babu madarar, kwafarsa wahalar banza ce, shi ya sa yake zaune. Ran da sukarin ya shigo, wani ɓangarensa yakan manne a jikin furotin ɗin, siffarsa ta sauya, ya saki zaren da kansa. Ba a ture shi, ba a yi masa faɗa. Mukan sa wani sinadari a faranti don mu gane an fara kwafa. Da safe sai in tarar ɗige-ɗigen bakteriyar sun zama shuɗi, tsab, irin shuɗin mayafin Inna na zuwa Maulidi. Nakan daɗe a tsaye ina kallo.

Na matsa maka ban tambaya ba. Baba, kai me ya yanke maka a gidanmu?

Taka, Ummulkhairi.

Unguwar Dosa, 9 ga Yuni

Ummu,

Ina gaishe ki. Wannan takarda ki karanta ki ɓoye, kada Kande ta gani.

Tawada ce. Shekara talatin da huɗu ana ce mini gwanin rubutu, ban taɓa dafa tawadar takarda ba. Mahaifiyarki Hasiya ke yi. In fito da safe in tarar da kurtu cike, in tsoma alƙalami, ko sannu ban cika cewa ba. Bayan sadakar arba'in na buɗe kurtun, ya bushe ƙaf. Na sayo ta kasuwa, baƙa ce wuluk, tata kuwa tana da ja-ja a ƙasa kamar ruwan kogi da damina. Na dafa bagaruwa da kaina sau huɗu a ɓoye, ta fito tsararo. Izu hamsin da takwas da launinta suke. Ba zan iya cika biyun da wani launi ba, duk wanda ya buɗe zai ga daidai inda ta mutu.

Ina kewarta ƙwarai. Ban san wa zan tambaya ba, wadda ta sani ta tafi.

Mahaifinki.

Ibadan, 24 ga Yuni

Babana,

Na yi kuka, sannan na yi dariya. Wa kake tsammani ke riƙe muciya duk shekarun nan? A bakin wannan tukunyar na fara son aune-aune.

Ba ruwan famfo take sawa ba, ruwan sama take tara. Ta jiƙa bagaruwa, ta dafa, ta jefa kashin maƙera, wato dattin ƙarfen da ke fita a wutar ƙira, ta rufe kwana bakwai, sannan ƙaro. Bagaruwa na samo wajen 'yan koli a Sabo, unguwar Hausawa, kashin maƙera wajen wani tsoho, ruwa kuwa Ibadan ba ta rowarsa. Ga kwalba nan naɗe cikin zani, direba Rabi'u zai kira Gwaggo idan ya iso tashar Mando. Ban tabbata na dace ba. Ka gwada tun da sauran haske.

'Yarka, Ummulkhairi.

Unguwar Dosa, 1 ga Yuli

Ummu,

Da ita na rubuta wannan. Na ɗora ta gefen shafin ƙarshe na tawadar mahaifiyarki, idona bai iya rarrabewa ba, sai na kira Kande. Ta duba, ta duba, ta ce, "Yaya, a ina Hasiya ta ɓoye wannan?"

Na fere alƙalami. Saura izu ɗaya da rabi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.