Saƙon Bakin Ƙofa

Gamgol, 4 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Geum-rye,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fata iskar tekun Busan ba ta tayar miki da ciwon gwiwa ba, kuma 'yarki Ok-hi da mijinta da yaran suna lafiya. Sau huɗu ina buga waya gidan, kullum Ok-hi ta ce kin fita. Yaya, ke da ba kya hawa matakala uku sai kin zauna, ina kike zuwa haka? Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Takarda ta zo daga ofishin al'adu na lardi. Sun amince. Sun rubuta sunana a matsayin mai riƙe da waƙar rakiyar gawa ta yankinmu, za su riƙa ba ni tallafi duk wata muddin ina raye, har da ɗakin da zan koyar a bayan ofishin ƙauye. Kin san shekara tara ke nan ina nema. Mai unguwa yana so a rataya ƙyalle mai sunana a bakin gada, a dafa nama a kira mutane. Na ce masa a dakata sai na ji daga gare ki.

Shekaranjiya na hau tudu wurin kabarin mijinki, Yaya Bong-gu. Ciyawar da muka dasa ta kama. Tafarnuwar da ya shuka kafin ya kwanta ma ta fito, na cire mata haki.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Pyo Dal-su

Busan, 11 ga Afrilu

Dal-su,

Na ga wasiƙarka. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda ka san ta. Ba inda nake fita. Ina zaune kusa da wayar duk lokacin da ka buga, ni ce nake ɗaga wa Ok-hi hannu.

Barka da arziki. A rataya ƙyallen, a dafa naman, me ya kai ka jiran tsohuwa?

Tambaya gare ni. Su wane ne mutum ukun nan masu baƙaƙen riguna da suka zo jana'izar Baban Ok-hi? Ni na zaci abokan aikin sojansa ne. Na durƙusa musu har goshina ya taɓa tabarma, na sa aka ƙara musu nama a miya. Sai daga baya na tuna abokan sojansa ba wanda yake da sauran haƙori, waɗannan kuwa suna tauna ƙashi. Ɗaya yana riƙe da na'urar ɗaukar hoto, ɗaya kuma da takardu, yana bin bakinka da alƙalami kamar mai duba jarrabawa.

Ga ta biyu. Shekara arba'in da bakwai na zauna da mutumin nan, bai taɓa ce mini ko sannu da aiki ba. In abinci ya yi daɗi sai ya yi gyaran murya, shi ke nan. A asibiti, ana saura kwana uku, na ce masa, "Kai tsohon nan, haka za ka tafi ba ka ce mini komai ba?" Ya juya fuska bango, ya ce, "Na bai wa Dal-su. Za ki ji a bakin ƙofa."

Na tsaya a bakin ƙofa. Mutum ashirin da huɗu suka ɗaga makara, suka sunkuyar da ita sau uku tana sallama da gida. Ka kaɗa ƙararrawa. Tun muna yara na san a nan ne mai waƙa yake ara wa mamaci bakinsa, ya yi wa mutanen gida magana da sunansu. Ranar da aka fita da mijin mai sayar da gishiri har karensa ka ambata, duk ƙauye suna kuka suna dariya. Na buɗe kunne. Ka rera duwatsu, ka rera koguna, ka rera hanyar lahira mai nisa. Ko sunansa ba ka kira ba. Makara ta wuce, ina tsaye da hannu a ƙirji kamar wadda mota ta bari a tasha.

Wata biyar ina jira ka faɗa da kanka. Sai ga ka da labarin tafarnuwa.

Ka gai da matarka, ita ba ruwanta.
Yayarka

Gamgol, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san da wace fuska ba. Wannan ce takarda ta biyar, sauran huɗun suna cikin murhu.

Mutanen nan malamai ne da ofishin al'adu ya turo. Ba su zo da kansu ba, ni na kira su. Ƙa'idarsu ita ce sai sun ga mai waƙa a jana'iza ta gaske, kin kuwa san yanzu mota ake kira, shekara uku ba a ɗaga makara a Gamgol ba. Da Yaya Bong-gu ya ce shi a kafaɗa yake so a kai shi, na yi masa kuka, amma can ƙasan zuciyata wani abu ya yi tsalle. Safiyar da ya cika, ina jin kukanki a cikin ɗaki, na fita wurin wayar da ke ƙofar asibiti na buga musu. Ba a ma rufe masa fuska ba tukuna.

Kin tuna karon da suka kayar da ni? Shekara shida ke nan. Na rera musu a zauren taro, na sa baitocina a ciki yadda muke yi. Babbansu ya cire tabarau ya ce, "Malam Pyo, muryarka da kyau. Amma mu asali muke adanawa. Wannan ƙirarka ce." Suna da faifan malamina, Tsoho Gong, wanda aka ɗauka kafin ya rasu, sun rubuce shi kalma bayan kalma. Abin da ba su sani ba shi ne ranar Tsoho Gong ba shi da gawa a gabansa, shi ya sa bai kira sunan kowa ba. Na faɗa musu, suka yi murmushi, suka rubuta wani abu.

To, a bakin ƙofarki saƙon yana bakina. Na rantse da kabarin Inna, yana kan harshena. Na ɗaga ƙararrawa, na ja numfashi, sai idona ya faɗa kan mai takardun nan, ya ɗora alƙalami a kan layi yana jira. Na ce a raina, bari in wuce nan, in ya so na faɗa a gada. A gada suna gefena. Na ce sai a gindin tudu. A gindin tudu ke an riga an mai da ke gida. Na kai shi rami da waƙar da za a iya yi wa kowa.

Yaya Bong-gu fa, mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗaukar gaban makara ta hagu, yana amsa mini amshi da muryar nan tasa kamar ta bijimin sa. Ko ɗaya daga cikin masu ɗaukar makarar bai yi mini magana ba. Da muka sauko, Tsoho Seok, ɗaya daga cikinsu, ya zuba wa kowa giyar shinkafa, ya zo kaina ya tsallake. Har yau in na shiga shagon ƙauye sai hira ta mutu. Shi ya sa ban so a rataya ƙyallen ba, ba wai jiranki nake ba. Nan ma ƙarya na yi miki.

Saƙon yana nan, ban manta ko kalma ba. Ya riƙe mini wuyan hannu ya sa na maimaita sau uku, ya ce, "In ka yi mini ado a ciki, zan dawo in shaƙe ka." In kin yarda zan rubuto miki shi. Takardar ofishin kuma zan mai da musu, ban taɓa ko sisi ba. Ba na iya kallonta, na cusa ta ƙarƙashin buhun shinkafa.

Ba na cewa ki yafe. Ki dai kula da gwiwarki.
Ƙaninki, Dal-su

Busan, 27 ga Afrilu

Dal-su,

Gaisuwa. Na karanta sau biyu, na biyun da tabarau.

Kada ka kuskura ka mai da takardar nan. Ka sayar da mijina, sannan ka zubar da kuɗin a kwata? Wato ya tafi a banza ke nan sau biyu. Kuma gobe a ce Geum-rye ce ta hana ƙaninta cin abinci. Ka karɓa, ka ci, ka gyara rufin nan naka da yake yoyo a kan matarka. Ka koya wa duk wanda ya zo, kuma ka koya musu kiran suna, ko masu tabarau sun so ko sun ƙi. In akwai abin da zai riƙa tsaya maka a wuya duk wata, to ya tsaya.

Kuma kada ka rubuto mini komai. Cewa ya yi zan ji, bai ce zan karanta ba.

Ok-hi ta sayar da gidan. Wasu mutanen birni ne suka saya, za su rushe katanga da ƙofar a farkon watan Yuni don su sami wurin ajiye mota. Zan zo ranar sha biyu ga Mayu in kwashe tulunan kayan miyata. Da safe zan tsaya inda na tsaya. Ka zo da ƙararrawa.

Na san abin da za ka ce, ba a kaɗa ta a ƙofar da babu gawa, wai tana kiran wani daga cikin gidan. Mutum nawa suka rage a gidan? In ta kira, ni za ta kira, kuma ina da wanda zan je in samu, akwai maganar da ba mu gama ba.

Ka zo kai kaɗai. Ka ci abinci kafin ka zo, ba zan dafa maka ba.

Yayarka

Gamgol, 2 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Shekara hamsin ina riƙe da ƙararrawar nan, ban taɓa fitar da ita daga ƙyallenta ba sai an yi rasuwa. Amma zan zo.

Tsoho Seok ya ji labari, ban san ta ina ba. Jiya ya tare ni a gada, bai gaishe ni ba, ya ce, "Wa zai amsa maka amshi? Kare?" Na ce kin ce ni kaɗai. Ya ce shi ba wurina zai zo ba, zai tsaya ne a bayan katanga, kuma katanga ba ta kowa ba ce yanzu.

Sai kin zo.
Dal-su

Busan, 20 ga Mayu

Ƙanena,

Na iso lafiya, tulu ɗaya ne kawai ya fashe a hanya. Ka gode mini wa Tsoho Seok da sauran da suka ɓuya a bayan katanga, na ƙirga murya bakwai.

A cikin saƙon da ka rera, inda ka ce na fi furen bazara kyau ranar da aka kawo ni gidan, wannan naka ne. Ka ji tsoron kada saƙon ya yi mini kaɗan, ka ƙara. Ranar da ya kamata ka ƙara ba ka ƙara ba, sai ranar da aka hana ka. Ka riƙa rufe wuyanka in za ka kwanta.

Amma inda ya ce, "Uwar Ok-hi, miyarki gishiri ya yi mata yawa tun ranar farko, kuma ban taɓa rage ko cokali ba. Kada ki yi sauri, zan jira," wannan shi ne. Har gyaran muryar na ji.

Tun da na dawo nake ɗanɗana miyata. Gaskiyarsa ne, tsohon banza. Shekara arba'in da bakwai.

Ka zo bikin kaka mu hau tudu tare. Ka sayo nama da kuɗin gwamnatinka, ni zan dafa.

Yayarka, Geum-rye