Minti Bakwai da Suka Ɗaure Rukayya

Gwammaja, Birnin Kano,
14 ga Yuli, 1999.

Zuwa ga matarmu, Maryam Manila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da tsohuwarki da kika ce ƙafa ta matsa mata, Allah Ya ba ta sauƙi. Da Hausa na rubuto, don na san shekara tara da kika yi kina duba marasa lafiya a Kano ba za su bari ki manta ba. Wadda ta iya faɗa da mai nama a kasuwar Kurmi har ya ba ta haƙuri ai ba ta buƙatar tafinta. Mu nan lafiya lau. Damina ta kankama, katangar bayan gida ta zube an tayar. 'Yar'uwarmu Hassana ta sauka lafiya, namiji, an mayar da sunan yayana marigayi, mijinki Muttaka. Sojoji kuma sun koma bariki, duk inda ka zauna sai ka ji ana cewa an saki mari, kowa ya sha iska. Ni dai a gidan nan ban ga iskar ba.

Maganar 'yarki Rukayya ce ta sa na ɗauki alƙalami, kuma ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Kin san tana shekara shida aka ba ni riƙonta, lokacin da Muttaka ya rasu, aikinki ya ƙare, dangi suka ce 'ya ta gidan ubanta ce. Kin tafi kina kuka, ni kuma da Allah bai ba ni haihuwa ba na karɓa da hannu biyu. Ni na sha surutun unguwa sanda ta fara bin ƙwallo a lungu, ana cewa jinin Filifin ne ya motsa, alhali ke ko tseren buhu ba ki iya ba. Ni na tsaya mata har Malam Jibrin, mai koyar da wasanni a makarantarsu, ya kai ta kulob a Jos. Sau uku ana kiranta sansanin 'yan wasan ƙasa, sau uku tana dawowa da rigar ba ta jiƙe da gumi ba, don a benci take ƙarewa.

A watan Agustan bara wasiƙarki ta zo ta akwatin makarantar da nake koyarwa, kamar yadda duk wasiƙunki suke zuwa. Kin ce masu ƙwallon mata na ƙasarku sun ji labarinta suna so ta buga musu, kin haɗo da takardar da za ta cike. A ƙasa kika rubuta da Hausarki mai karkata cewa in faɗa mata ɗakinta yana jiranta. Maryam, da na karanta wannan layin sai na ninke wasiƙar, ban nuna wa kowa ba. Washegari na je wurin Malam Jibrin, na yi ta kewaye-kewaye kamar mai tambaya don wani. Ya bayyana mini dokarsu: duk wanda ya taɓa buga wa wata ƙasa a wasan cin kofi, ko da minti ɗaya ne, ya zama nata har abada, ba ya sake sa rigar wata. Ya ce Rukayya tun da ba ta taɓa shiga fili ba, ƙofofi biyu ne a gabanta. Na dawo gida na ɗaga kwanukan jerena, na sa wasiƙarki a ƙarƙashin babbar kwalla, na mayar da jeren yadda yake.

Ba ɓoyewar kaɗai na yi ba. Addu'a na dinga yi a sa ta a wasa. Da aka yi gasar kofin Afirka, saura minti bakwai a tashi, aka ɗaga lambarta ta shiga. Muna kallo a talabijin ɗin Kulu maƙwabciyarmu, na rangaɗa guɗa har sau uku. Matan suka ɗauka murnar ɗaukakar 'yata nake yi, ni kuwa na san murnar me nake yi, na samu igiyar da zan ɗaure ta a gindina. Kin sake rubutowa sau biyu kina tambaya, na amsa miki cewa ta ce ba ta so. Ba ta faɗa ba. Ba ta ma san an tambaye ta ba.

Son zuciya ɓacin zuciya. Da aka fitar da sunayen waɗanda za su tafi Amurka gasar duniya, babu nata. Ta dawo da jakarta a kafaɗa, ta tarar kulob ɗin ma ya watse. Yayanmu Alhaji Sadiƙ ya tara mu a zaure ya ce ya isa haka, shekara ashirin da ɗaya ba ta yawo da gajeren wando ba ce, daga yau ba fili ba motsa jiki a waje. Da can ni nake tare mata irin wannan magana. Ranar nan ban tare mata ba, don ina jin nauyin abin da ke ƙarƙashin kwalla.

Yanzu filinta tsakar gidanmu ne, wanda kika sani, taku goma sha ɗaya daga rijiya zuwa madafa. Da ta gama shara sai ta ɗauko ƙwallo ta yi ta bugawa a bango, dama, hagu, dama, hagu, har yaɓen wurin ya zube, ana ganin tubali. Kulu ta aiko tana ƙorafin kwanukanta suna rawa. Watan jiya muka kalli abokanta suna wasa a Amurka. Tana zaune a tabarma ƙafarta tana motsi ita kaɗai, tana faɗa mini wacce ce ba ta da hagu, wacce ce take tsoron sa kai. Da suka ci ta yi tafi, da aka fitar da su ta yi kuka, daga nan ta tashi ta hau wanke-wanken da ta riga ta wanke. Ta rame, ta daina tsokanata, ita da ba ta barin ɗankwalina ya zauna lafiya.

Na koma wurin Malam Jibrin ko akwai wata dabara, ya ce babu, bakin alƙalami ya bushe. Ƙasar nan ba ta kira ta ba, taku kuma ba za ta iya karɓarta ba. Duk da haka na ci gaba da yin shiru, ina ce wa kaina faɗar ba za ta gyara komai ba. Sai shekaranjiya, ina yi mata kitso, ta ɗauko hotonki na ƙarshe tana dubawa. Ba ta juyo ba ta ce, "Inna, Mama tana gaishe ni duk shekara, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa cewa in zo ba." Na kasa ƙarasa kitson, na ce mata hannuna ne ya sage.

Ƙwallon na riga na kashe mata, wannan ba ya gyaruwa. Amma ba zan bari ta ci gaba da zaton uwarta ba ta neme ta ba. Ki rubuto mata da sunanta, ta adireshin Malam Jibrin da na sa a bayan takardar nan, kada ki sake biyowa ta hannuna. In kin ce ta zo, ni zan tsaya gaban Alhaji Sadiƙ, ko zai daina yi mini magana. Ban roƙe ki ki dawo mini da ita ba, ba ni da bakin wannan roƙon. Gafara kawai nake nema, in kina da ita.

Ki gaida tsohuwa da ƙanenki da iyalinsa. Hassana da Kulu suna gaishe ki. Rukayya ba ta san ina rubutu ba, ga ƙarar ƙwallonta nan a bango ina ji. Wasiƙarki tana cinyata, na fito da ita, ta ɗauki ƙanshin kwalla. Da na liƙe wannan zan kira ta in miƙa mata. Shekara goma sha biyar tana ce mini Inna, ban san me za ta kira ni ba in ta gama karantawa.

Ƙanwar mijinki,
Tani.