Gatari Ba Zai Taɓa Dogon Yaron Nan Ba

Zuwa ga sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, Baban Ummulkhairi, wanda nake so ko a ranar da ya ƙona mini rai,

Bayan gaisuwa, ka sani da fushi nake rubuto maka. Tun da karatu ya kai ka Ingila, me nake samu daga gare ka? Hotunan lambu! Da farko ciyawa ce da aka aske kamar kan ango, na yi dariya. Sai furanni masu hawa bango, sai tsofaffin gidajen dutse masu rufi mai tsini da tagogi har ƙasa. Yanzu in ka kira, sai ka gama yabon shingen wani tsohon Bature kafin ka tambayi lafiyar 'yarka. Na haɗiye, na ce baƙo ne, idonsa ne bai ƙoshi ba.

Sai jiya ga ƙanenka Mode da mai gatari a ƙofar gida. Wai kai ka aiko a sare dogon yaron tsakar gida, a rushe zaure, a rage katanga zuwa ƙugu, a shimfiɗa ciyawa don masu wucewa su ga furanni. A unguwarmu, Runjin Sambo! Masu keke da 'yan kabu-kabu su riƙa leƙen matarka tana tuƙa tuwo? Su can, kai da bakinka ka ce rana suke marmari, shi ya sa suke buɗe mata fili. Mu da rana ke gasa mana tafin ƙafa, inuwa za mu kashe? Ciyawar kuma da me zan shayar da ita, da ruwan 'yan garuwa ko da hawayena?

Haba farin watana, ka manta azuminmu na farko? Zafi ya kore mu daga ɗaki, ka jiƙa zane ka lulluɓa mini a gindin iccen nan, ka yi ta yi mini fifita har aka kira magariba. Da ganyensa Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi mini wankan jego. Wannan ne ka mayar itacen girki ta waya?

Na ba mai gatari ruwa ya sha, na sallame shi. Ban taɓa ƙetare maganarka ba sai jiya, kuma ban yi nadama ba. Ka so lambunansu yadda ranka ke so. Ka kawo irin furannin, wallahi zan raine su a tukwane kamar 'ya'yan cikina. Amma in har sai an sare iccen, ba da aike ba. Ka dawo, ka ɗauki gatarin da hannunka. Za ka same ni zaune a gindinsa da 'yarka a cinya, sai ka dubi idona ka ce mu tashi.

Taka kai kaɗai, a fushi da a farin ciki, har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido,

Atika