Lamba 210 da Anka Ce Mini Lafiya Lau

Hamani Sambo,
Unguwar Masunta, Kende,
Ƙaramar Hukumar Bagudo, Jihar Kebbi.
Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa,
Asibitin Haihuwa na Bakin Gulbi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAKAMAKON GWAJIN JININ MARIGAYIYA HAMDIYYA HAMANI DA HANA NI FAYIL ƊINTA

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ni manomin shinkafa ne, aji huɗu na tsaya a makaranta. In an ga rubutuna da kaushi a yi haƙuri, ban iya kwana-kwana ba. Ga ƙorafina.

1. Ranar Talata 14 ga Mayu, 2024, na kawo matata Hamdiyya asibitinku da cikin wata tara, haihuwarta ta shida. Dasashinta na zubar da jini, kuma a haihuwar baya ta yi zuba sosai. Likita ya rubuta a yi mata wani gwajin jini mai suna fibirinojin, ya ce a kawo masa sakamakon ya gani da idonsa.

2. Ranar Alhamis 16 ga wata munka dawo. Kamar yadda kowa ke yi a nan, ita ta zauna bisa benci cikin mata, ni maigida na shiga karɓo takarda. Ma'aikacinku na ɗakin gwaji, Malam Bunyaminu, ya nuna mini lamba 210. Ya nuna wasu lambobi a gefe, 200 zuwa 400, ya ce tunda tata na tsakani, lafiya lau, ba sai mun jira likita ba. Bai tambayi ko tana da ciki ba. Bai ko leƙo ya gan ta ba, alhali taku goma ne tsakaninsu. Na naɗe takarda na sa cikin hula, na yi masa godiya har sau biyu.

3. Bisa wagga magana na kai ta ƙetaren iyaka, ƙasar Benin, wurin mahaifiyarta Inna Dela, wadda ungozoma ce, can take haihuwa kullum. Hamdiyya ba ta so tafiyar ba, ta ce jikinta bai yi mata ba. Ni na ce takarda ta ce lafiya. Da bakina na faɗa.

4. Ranar Alhamis 23 ga Mayu da hantsi ta haifi ɗiya mace. Jini ya ƙi tsayawa. Munka ɗora ta bisa babur tsakanina da ƙanenta, zani uku sunka jiƙe kafin mu kai bakin hanya. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Ban ja da ƙaddara ba, ranka ya daɗe. Kwananta ya ƙare. Amma abin da ke aikin mutum, mutum ake tambaya.

5. A watan Janairun bana na kai babbar ɗiyata Surayya Birnin Kebbi, tana da cikin fari, ita ma dasashinta na jini. Anka yi mata wanga gwaji, ya fito 230. Na ce wa likitar lafiya lau ke nan, na ciro takardar uwarta daga hula na nuna mata. Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ba a yi mini ba a asibitinku. Fibirinojin shi ke sa jini ya daskare, kamar zaren taru ne da ke tare shi a bakin rauni. Lambar 200 zuwa 400 ta wanda ba shi da ciki ce. Mai tsohon ciki nata kan hau sama, wajen 400 zuwa 600, don jiki na shirin haihuwa. Wadda anka samu da 210 a wata tara, ba ta haihuwa sai inda ke da jini a ajiye. Wata takwas ke nan ina yawo da wanga gargaɗi bisa kaina ban sani ba.

6. Likitar ta ce abin na iya bin jini daga uwa zuwa ɗiya, tana son fayil ɗin Hamdiyya don ta shirya wa Surayya. Na zo asibitinku ranar 13 da 20 ga Janairu, da 3 ga Fabrairu. Anka ce mai makulli ya fita, anka ce ana nema, na ƙarshe anka ce mini mamaci ba shi da fayil.

7. Yanzu Surayya na wata bakwai. Al'ada ta ce haihuwar fari gida ake yi, kuma tunda uwa ba ta, Inna Dela ta ce wurinta za a kai ta. Na gaya mata abin da likita ta ce. Ta amsa mini cewa takarda ta yi ƙarya a kan ɗiyarta, ba ta ba takarda jikarta. Mijin yarinyar ya bi bayan tsohuwa. Ba ni da bakin musu, don ni na kai mata waccan magana.

Saboda haka nake roƙo cikin girmamawa. A ba ni fayil ɗin matata kafin azumi ya kama. A rubuto da hatiminku cewa takardar ba ta yi ƙarya ba, karatunta anka yi ba daidai ba, in kai a karanta wa Inna Dela, ko ta saki yarinyar. A kuma kafa doka a ɗakin gwaji, kada a sake ba miji sakamako sai an kira matar an gan ta, likita ya duba. Ban nemi a kori Malam Bunyaminu ba, shi ma yana da iyali. A koya masa.

Na haɗa da kwafin takardar. Ta asali tana wurina. Na rufe uwar, ranka ya daɗe, a taimake ni kada in rufe ɗiyar.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,
Hamani Sambo