Madarar Da Kaka Ya Shanye

Ikara, ranar Talata

Zuwa ga 'yata Hafiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya ruwan zafi? Ya amaryata, wadda aka raɗa wa sunan mahaifiyarki? Ki faɗa mata angonta na nan, furfura ce kawai ta yi masa gaggawa. Ina gaida maigidanki Zakiyyu, da Hajiya surukarki, Allah ya saka mata da alheri kan ɗawainiya.

Kin aiko kina tambayar abin da ya hana ni kiran waya. Ranar da na kira na ji kukan yarinyar, na kashe wayar ban gama gaisuwa ba, ni da na tsufa ina yi wa ɗalibai tsawa. Takarda kuwa muryarta ba ta rawa. Shi ya sa na ba Bilya direba wannan, haɗe da kwalin madarar gwangwani da bulumboti.

Na san mai haihuwar fari a gidan iyayenta take wanka, na kuma san abin da ya sa aka riƙe ki a Kudan: gidana babu mace. Ban ja ba. Amma akwai abin da ko Hajiya ba ta fi ni iyawa ba. Da Allah ya karɓi mahaifiyarki ko arba'in ba ki yi ba, kuma da irin wannan madara na raine ki. Har yau bayan hannuna bai manta ɗumin da jariri ke so ba. Ga shi kin girma har kin fi ni baki.

Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Nakan share shi, don kawai motsa jiki.

Allah ya raya mana. Naki mahaifi,
Lawal


Ikara, ranar Lahadi

Zuwa ga Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina samun sauƙi, amaryata kuma tana barinki ki runtsa. A gaida mutanen gida.

Bilya ya dawo mini da kwalin, yana sunkuyar da kai kamar wanda ya kawo sammaci. Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Na ce wato madarar da ta yi miki ƙashi da tsoka, yau ita ce ba ta isa ta shiga bakin 'yarki ba. Na wuni ina tsara miki wasiƙa a zuci, mai cike da karin magana.

Sai Gwaggonki Atika ta biyo ta nan a hanyarta ta komawa Paki, ta ba ni labarin abin da ta tarar a wurinku a Kudan. Ta ce nono bai zo da yawa ba, yarinya tana kuka, Hajiya ta sa aka tatsa a ludayi aka jefa tururuwa, tururuwa ta mutu, aka yanke cewa nononki ba shi da kyau. Na karanta littattafai ba kaɗan ba, ban taɓa cin karo da makarantar da tururuwa ta yi likitanci ba. Ko a zuma aka tsoma ta, ba za ta fito ta ba da labari ba. Ta ce kin tsaya kan maganar ma'aikaciyar asibiti, cewa ki yawaita sa ta a nono, zai zo. Ana cikin haka kwalina ya iso, Hajiya ta ajiye shi a tsakar gida tana nuna wa kowa, wai ko ubanki ya san gaskiya. Ashe gudummawa na aika wa ɓangaren da ba naki ba.

Atika ta kuma faɗa mini abin da kika ce mata: abin da Innarki ta fara ba ta samu ta gama ba, shi kike so ki gama. Hafiza, na tashi na shiga ɗaki, na bar ta da tabarma. Ina tuna mahaifiyarki Lantana zaune a bakin gado, ke a ƙirjinta, tana yi mini dariya wai ga abu ɗaya da duk karatuna ba zai koya mini ba.

Ki dawo gida ki ƙarasa wankan. Atika ta yarda ta zo ta zauna. Na sa an sauke itace har ya tare ƙofar kicin, na sayi kanwa da gero. Ran Juma'a zan zo in roƙi surukinki da kaina. A nan ba mai jefa miki tururuwa.

Mahaifinki,
Lawal


Ikara, ranar Alhamis

Zuwa ga Hafiza,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya amarya mai ƙoshi? Ina gaida Zakiyyu da Hajiya.

Saƙonki ya same ni, Alhamdu lillahi. Nono ya zo har yana jiƙa riga, an auna yarinya an ga ta ƙaru, Hajiya kuma yanzu da hannunta take dama miki kunun kanwa, tana gaya wa maƙwabta cewa dama ita ta san zai zo. Ki bar mata nasarar, ba ta da tsada.

Na kuma gane sauran maganar da kika yi ta kewayawa. Tunda an zauna lafiya, ɗauke ki yanzu zai zama cin fuska. Gaskiyarki. Na fasa zuwa gobe. Abin da na roƙa Allah ya ba ni, sai dai shi ne ya hana ni ganinki. Itacen na nan, zan ci tuwo da shi har baɗi.

Ga zanen goyon mahaifiyarki na ba Bilya. Ba ta samu ta goya ki da shi ba. Ki goyo mini takwararta da shi ranar yawon arba'in, kuma ki fara da Ikara kafin kowa.

Madarar kuwa ba ta tashi a banza ba. Kullum da safe ina zuba ta a shayi, har malamai sun fara cewa kumatuna sun cika. Na duba abin da ya rage. In na riƙa rage cokali, zai kai ni ranar da za ku zo.

Allah ya yi miki albarka. Naki mahaifi,
Lawal