Ni Ne Tafintansu Ranar Juma'a

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya Malam da yara? Ina fata ƙafarki ta yi sauƙi.

Na raba Inna da kamfanin da ke jinyarta a gida tun da likita ya ce sai dai addu'a. Na gaya musu mace kaɗai za ta yi mata wanka, suka yi ta turo namiji. Inna ta ƙi, su kuma suka ƙyale ta har bayanta ya yi gyambo. Sabon kamfanin da na samo mata kuwa wata 'yar Kumasi mai jin Hausa yake turowa, nas ɗinsu tana ɗaukar waya ko ran Lahadi. Jiya har kitso aka yi wa Inna.

Yanzu mutanen kamfanin farkon sun roƙi liman su tallata kansu a masallacinmu na titin Grand Concourse bayan Juma'a, kuma ni aka sa tafinta. Zan fassara maganarsu daidai, ba ƙari ba ragi. In sun gama, zan roƙi jama'a kada kowa ya tashi, in faɗi tawa. Ba wanda zai ƙara miƙa musu uwarsa.

Ki sa Inna a addu'a. Ki gaida Kawu da mutanen gida.

Ƙaninki,
Sani